Wai waya ce ta kashe kulob-kulob na sakandare?

Tsohon Hedimasta: Assalamu alaikum. Maganar da na yi a wajen ɗaurin aure har wasu suka ji haushi, bari in maimaita ta nan kowa ya gani. Waya ce ta kashe ƙungiyoyin ɗalibai a sakandare, ba wani abu ba. Mu da muka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1970 dole ne yaro ya shiga kulob, akwai na muhawara, na wasan kwaikwayo, na matasan manoma, ga sikawut ga MSS, wato ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma a nan muka koyi tsayuwa gaban jama'a mu yi magana ba rawar murya. Yau yaro ya gama aji shida bai iya gabatar da kansa ba, kansa na sunkuye kan waya.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wallahi gaskiya ka faɗa. Ni kulob ɗin 'yan jarida na yi, da daddare bayan firef, wato karatun dare, mu taru kan rediyo ɗaya mai batir mu ji labarai, ɗaya na saurare ɗaya na rubutawa a bayan littafin lissafi, mu kwafe a kwali da maka, mu dama garin rogo mu liƙa a jikin allon sanarwa kusa da dainin, ran Litinin a asambuli mutum ɗaya ya karanta da Turanci ɗaya da Hausa. Shekarar 1991 da aka cire Jigawa daga Kano muna hutu, muna dawowa abu na farko da muka liƙa taswirar sabuwar jiha ce da hannu muka zana ta, har firinsifal ya tsaya yana dubawa. Yanzu wa zai yi wannan, komai yana TikTok.

Malamin Kimiyya: Allah gafarta Malam, da girmanka amma ban yarda ba. Ni nake shiga aji kullum. Yaran ƙauyen nan nawa ne ke da babbar waya? Yawanci ko dai babu, ko 'yar ƙarama mai tocila, ita ma ta babansa ce, cajin ma sai an kai shago an biya. Abin da kuka manta shi ne ku makarantar kwana kuka yi. Daga la'asar har kashe fitila kuna cikin makaranta, ba gona ba aike ba kiwo, to dole a nemo muku abin yi. Namu jeka-ka-dawo ne, ana tashi wajen ƙarfe biyu yaro ya kama hanya a ƙafa ko a keke zuwa ƙauyensu, ya ci abinci in akwai, da yamma Islamiyya, da damina gona, da kaka yankan riɗi da ɓarar zoɓo, ran Alhamis kuwa rabin ajin suna kasuwar Maigatari neman na sabulu. A ina zan saka kulob? Sannan malamanku a kwatas ɗin makaranta suke kwana, mu kuwa da yawanmu daga Gumel muke zuwa a mashin da man da muka saya da albashinmu.

Kawu Direba: To ai lokacin kallon ƙwallo ba sa rasa shi, gidan kallo cike yake da su har sha ɗayan dare.

Malamin Kimiyya: Kawu, gidan kallo yana cikin unguwa, makaranta tana bayan gari ba wuta ba maigadi. Kai za ka bar ɗanka ya je can da daddare?

Gwaggo Nas: Ku duk maza kuke ta lissafi. Ni kulob ɗin Red Cross ne ya sa na zama ma'aikaciyar jinya, a makarantar kwana ta 'yan mata aka fara koya min ɗaure rauni da bandeji, ina aji biyu. Amma ku tambayi kanku me ya sa iyaye suka ja baya da makarantar kwana. Bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da ta Jangebe a Fabrairun 2021, har gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana a lokacin, wace uwa ce hankalinta zai kwanta? Yarinyar da ke jeka-ka-dawo kuma tana dawowa ga ɗiban ruwa ga surfe ga talla, wasu ma ba sa kai aji shida an ɗaura aure. Waɗannan ba waya ce ta hana su ba Baba, yawancinsu ba a ma yarda su riƙe ta.

Auta: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni kwanan nan na gama. Abin yana mana ciwo kullum a ce mu ne lalatattu. Korona ta zo a 2020 aka rufe makarantu wata da watanni, da muka dawo ba abin da ake sai gudu a ƙarasa manhaja saboda WAEC da NECO. Kuma JAMB tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, ni ban taɓa taɓa kwamfuta a makarantarmu ba, a wayar yayana muka koyi yadda ake danna amsa, mu shida muke haɗuwa ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansu muna bitar tsofaffin tambayoyi, wanda ya fi iya lissafi ya koya mana, ni in koya musu Turanci. Wannan ba kulob ba ne? Suna ne kawai ba mu sa masa ba. Kuma MSS tana nan da ranta, muna da amir da amira, ana kacici-kacici ana musabaƙa har da wasu makarantu.

Yaya Tela: Ni dai kar a riƙa wanke zamanin da tas. A makarantar kwana na yi aji ɗaya da biyu na gudo, kuma ba don ban da ƙwaƙwalwa ba. Siniyoyi sun ƙwace min garin kwaki da ƙuli-ƙulin da innata ta haɗa min tun daren farko, ka yi musu wanki ka ɗebo musu ruwa da asuba cikin hunturu, gabzar ma sai sun zaɓa sun bar maka saura, in ka yi magana belt. Su ne kuma shugabannin kulob ɗin nan da ake yabo. Ranar wasan kwaikwayo mu juniyoyi ɗaukar benci ne namu. Wanda ya ji daɗi ya faɗa, amma akwai irinmu da yawa.

Tsohon Hedimasta: Wannan zalunci ne kuma an yi shi, Allah ya saka maka. Amma ba zai sa in janye ba. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977 ku duba likitoci da injiniyoyin da suka fitar, 'ya'yan talakawa daga ƙauyuka, tarbiyyar zama tare ce ta yi su. Auta ya ce MSS na nan, to ita tun 1954 aka kafa ta a Legas, kuma ta daɗe ne saboda ko yaushe akwai manya a bayanta masu bibiya.

Malamin Kimiyya: Alhamdu lillahi, Malam ai ka faɗi maganata da bakinka. Yaran MSS ma suna riƙe waya ai, me ya sa ba ta kashe ta ba? Saboda akwai babba tsaye. Kulob ɗin JETS, na kimiyya da ƙere-ƙere, da na gada a takarda kawai yake, ko soda da manja na haɗa sabulu sai in cire daga aljihuna. Ku tsofaffin ɗalibai in da gaske kuke, Kawu ya zo ya tada na 'yan jarida, Gwaggo ta ɗauki 'yan mata taimakon gaggawa, ni zan nemi firinsifal ya ba mu darasin ƙarshe na ran Laraba.

Gwaggo Nas: Na yarda, amma a cikin lokacin makaranta, in aka ce bayan la'asar ba yarinyar da za a bari ta fito.

Kawu Direba: Laraba ba na lodi sosai, kwali da maka a kaina.

Tsohon Hedimasta: Ni ma zan zo in zauna wa masu muhawara, da sharaɗi ɗaya, duk mai waya ya ajiye ta a bakin ƙofa.

Auta: Baba to 'yan jaridar Kawu a ina za su samo labarai, tunda ko rediyon ma yanzu a waya muke jin ta?