Muhawara: Wai mai fim ɗin Ar-Risala ne ya yi Halloween?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ga wata magana, mai musu ya zo ya musa. Fim ɗin Halloween na 1978, wanda wani ƙato mai farar fuska ke bin 'yan mata da wuƙa, fim ɗin Mustapha Akkad ne. Shi dai Akkad ɗin da ya yi Ar-Risala, ya kuma yi fim ɗin Umar Mukhtar. Ku kunna farkon Halloween ɗin ku gani, kafin sunan kowane mutum ya fito, nasa ne ke fara fitowa.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Haba Ɗan Fagge! Mutumin da ya yi fim kan tarihin Manzon Allah (SAW), ya kiyaye bai nuna fuskarsa ba, bai sa muryarsa ba, shi za ka jingina wa fim ɗin yanka mutane? Ƙila dai suna ne ya zo ɗaya.

Malam Sabo Mai Kaset: Hajiya, ba suna ne ya zo ɗaya ba, mutum ɗaya ne. Haifaffen Halab ne ta ƙasar Siriya, a 1930, ya tafi Amurka karatun fim tun yana saurayi. Ar-Risala ya fito a 1976, Halloween ya biyo baya da shekara biyu. Sai dai Ɗan Fagge ya zuba wa maganar gishiri. Akkad bai rubuta ko layi ɗaya ba, bai kuma ba da umarni ba. John Carpenter ne darakta, shi da Debra Hill suka rubuta labarin, ita ce kuma furodusar da ke tsaye a wurin ɗauka. Tunanin fim ɗin ma na wani mai rarraba finafinai ne, Irwin Yablans. Shi ya so a yi fim kan wani makashi da ke farautar 'yan mata masu renon yara, shi ya kuma ce a ɗora labarin a daren bikin Halloween, 31 ga Oktoba. Akkad kuɗi ya zuba, wajen dala 300,000. Shi ke nan.

Ɗan Fagge: Malam, "shi ke nan" fa ka ce? Kuɗin ne shi ke nan? Carpenter lokacin ɗan shekara 30 ne, finafinai biyu kacal ya fitar a sinima, babu wani babban kamfanin Hollywood da ya ɗauki nauyin aikin. In babu mai kuɗi, labarin nan a takarda zai tsufa. Ko a Kannywood ɗinmu, in an ce fim ɗin wane, ai sau da yawa mai jarin ake nufi.

Abba Edita: Yaya, bari mu da ke cikin sana'ar mu sa baki. Dala 300,000 ko a wancan zamani kuɗin cefane ne a Hollywood. Abin da ya sa har yau ake maganar fim ɗin shi ne dabarar da rashin kuɗin ya tilasta musu, kuma ba a ofishin Akkad aka yi dabarar ba.

Ɗauki fuskar nan da kowa ke tsoro. Babu kuɗin ƙera sabuwa, sai Tommy Lee Wallace, mai tsara wuraren ɗauka, ya shiga wani shagon kayan wasa a titin Hollywood Boulevard ya sayo fuskar roba ta Kyaftin Kirk na shirin Star Trek. Kuɗinta bai kai dala 2 ba. Ya faɗaɗa ramukan idanun, ya cire sajen, ya yamutsa gashin, ya fesa mata farin fenti. Sun gwada wata ta ɗan barkwanci ma, amma da suka ga wannan fara fat ɗin da ba ta nuna fushi ko murna, kowa ya san ita ce.

Sai maganar lokaci. Labarin ya ce ƙarshen Oktoba ne a wani gari na jihar Illinois, lokacin da ganye ke bushewa yana zuba. Su kuwa a Kalifoniya suka ɗauka, a unguwannin South Pasadena da Hollywood, cikin watan Mayu, itatuwa kore shar. Sai suka tanadi ganyen da aka yi wa fenti, a watsa a titi, a ɗauka, a bi a tsince a zuba a buhu, a kai wurin ɗauka na gaba. Kabewar da ake fafewa don bikin ma sai da suka sha wuyar nema, don ba lokacinta ba ne. In ka lura da kyau za ka hango dogayen itatuwa irin na dabino a bayan wasu fitowa, waɗanda babu su a Illinois. Duka aikin cikin kwana 20 aka gama.

Zee Katsina: Tsaya Abba. Kana nufin fuskar William Shatner, wanda ya fito a Kyaftin Kirk, ce ta hana ni barci ina ƙarama? Wallahi an cuce ni.

Abba Edita: Ita ce, Anti Zee. Kamfanin Don Post ne ya yi ta da siffar fuskarsa. Wanda ke cikinta kuma a yawancin fim ɗin Nick Castle ne, abokin Carpenter tun makaranta, dala 25 ake ba shi a yini. Wancan da aka ga fuskarsa a ƙarshe da aka cire robar, wani ne daban, Tony Moran.

Ɗan Fagge: Duk na ji. Amma fentin, da buhun, da dala 25 ɗin, daga aljihun wa suka fito?

Injiniya Bala: Ni inda nake ganin maganar Ɗan Fagge ta yi rauni shi ne, shi kansa Akkad ba a nan zuciyarsa take ba. Hankalinsa na kan fim ɗin Umar Mukhtar, wanda ya fito a 1981, gwamnatin Gaddafi ta zuba masa kusan dala miliyan 35. Ku lissafa, ya ninka kuɗin Halloween fiye da sau ɗari. Can ne ya tsaya da kansa cikin sahara yana ba Anthony Quinn, wanda ya fito a Umar Mukhtar, umarni. Halloween ɗan kasuwanci ne na gefe. Abin mamakin kawai shi ne na gefen ne ya kawo riba: kusan dala miliyan 47 a Amurka, wajen miliyan 70 a duniya, alhali babban bai mayar da kuɗinsa a sinima ba.

Maman Ilham: To na ji mutum ɗaya ne. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Yau ka nuna mana Sayyidina Hamza da Bilal, gobe kuɗinka na cikin fim ɗin da aka buɗe da yaro ɗan shekara shida yana daɓa wa yayarsa wuƙa, ita kuma ba sutura a jikinta. Ina haɗin?

Malam Sabo Mai Kaset: Wannan kam Hajiya kina da hujja, ba fim ɗin da za a kunna a gaban yara ba ne, ban kuma taɓa ba yaro hayarsa ba lokacin da nake da shago. Amma a yi masa adalci ta fuska ɗaya: jinin da ke cikinsa ƙalilan ne ƙwarai. Mutane na tuna shi kamar mahauta, alhali in ka sake kallo za ka ga duhu ne da jira da numfashin mutum a bayan roba. Waɗanda suka kwaikwaye shi daga baya, irin su Friday the 13th na 1980, su suka mayar da abin gasar zubar da jini.

Wannan fitowar ta farko da kika ambata ma akwai labari a kanta. Kyamara ce ke tafiya a matsayin idon yaron, daga wajen gida, ta shiga kicin, ta hau bene, ta sauko, kusan minti huɗu kamar ba a yanke ba, duk da akwai yanka a ɓoye. Dean Cundey ne mai ɗaukar hoto, sun yi amfani da wata na'ura sabuwa a lokacin mai suna Panaglide, wadda ake ɗaura wa mutum a jiki ya yi tafiya hoton bai girgiza ba. Hannun da ya ɗauki wuƙar kuwa na Debra Hill ne. Gidan kango ne na gaske. Sai da suka gama duk fitowar da ake son a gan shi a lalace, sannan 'yan wasa da ma'aikata suka taru suka share shi, suka yi masa fenti, suka sa kayan ɗaki, aka ɗauki farkon fim ɗin a ƙarshen aiki.

Baffa Damagaram: Allah ya jiƙan Akkad dai. Burinsa na ƙarshe fim ne kan Salahuddin Ayyubi, yana ta neman kuɗinsa har ajali ya riske shi. Harin bam ɗin da aka kai wa otal-otal uku a Amman ta Jodan ranar 9 ga Nuwamba 2005 ne ya rutsa da shi. 'Yarsa Rima ta rasu nan take, shi kuma bayan kwana biyu.

Maman Ilham: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta musu.

Zee Katsina: Amin. Ni kuma tambayata, ba Halloween ne ya fara irin waɗannan finafinan na mai wuƙa ba?

Malam Sabo Mai Kaset: A'a. Black Christmas na Kanada da The Texas Chain Saw Massacre duk sun riga shi, a 1974. Kakansu kuma Psycho ne na Hitchcock, 1960. Su Carpenter ba su ɓoye ba: likitan cikin fim ɗin, Sam Loomis, daga Psycho aka aro sunansa, jarumar fim ɗin Jamie Lee Curtis kuma 'yar Janet Leigh ce, wadda aka kashe a banɗaki a Psycho. Fim ɗin Jamie na farko ke nan, dala 8,000 aka ba ta.

Ɗan Fagge: Ku dawo kan magana, kada a shashantar da ni. Ga hujjar da na ajiye. Carpenter da Hill sun ƙone Michael Myers, wato makashin nan mai farar fuska, a ƙarshen kashi na biyu, 1981, don a gama da shi. Kashi na uku a 1982 suka yi wani labari daban babu shi sam, 'yan kallo suka juya baya. Wa ya dawo da shi a kashi na huɗu a 1988? Akkad. Sunansa na kan finafinai takwas har zuwa 2002, bayan rasuwarsa ɗansa Malek ya ci gaba. Da don Carpenter ne, da yanzu babu yaron da ya san Michael Myers. To wane ne mai shi?

Abba Edita: Yaya, wannan hujjar tawa ce ka ɗauko. Ta nuna jerin finafinan na Akkad ne, ban musa ba, shi ya riƙe kadarar ya yi ta juya ta. Amma kai na 1978 ka ce. A wancan, Carpenter ya yarda da dala 10,000 kacal da wani kaso na riba, bisa sharaɗin shi ke da maganar ƙarshe kan tacewa, kuma sunansa zai hau kan sunan fim ɗin. Haka aka yi. Alherin da Akkad ya yi wa fim ɗin shi ne ya ba da kuɗi ya janye hannunsa, kuma ba ƙaramin abu ba ne, mu da muke zama da furodusa a bayanmu yana cewa a ƙara waƙa mun san darajarsa. Ka kuma kwatanta na farkon da waɗanda aka yi lokacin da ragamar ta koma hannunsa gaba ɗaya. Wa ke tuna kashi na biyar?

Injiniya Bala: Har Donald Pleasence ma, wanda ya fito a likita Loomis, ba shi aka fara nema ba. Peter Cushing da Christopher Lee duk sun ƙi. Pleasence ne ya karɓi dala 20,000 ya yi musu kwana biyar.

Ɗan Fagge: Ka ga, kuɗi dai, kuɗi dai.

Abba Edita: To ga na ƙarshe daga wurina. Kiɗan nan na fiyano da ke sa tsigar jiki tashi, Carpenter ne ya tsara shi da kansa cikin kwana uku, don babu kuɗin ɗaukar makaɗa. Bugu biyar-biyar yake tafiya maimakon huɗu-huɗun da kunne ya saba, shi ya sa mai sauraro ba ya samun natsuwa. Mahaifinsa malamin kiɗa ne a jami'a a garin Bowling Green na Kentucky, shi ya koya masa bugun yana yaro. A rubutun ƙarshen fim sai suka sa wai ƙungiyar makaɗa ta Bowling Green ce ta yi kiɗan, tsokana ce kawai. Carpenter ya ba da labarin cewa ya nuna wa wata jami'ar kamfanin fim aikin kafin a sa kiɗa, ta ce ba ta ji tsoro ko kaɗan ba. Yau da dare ka kashe sauti ka kalla, gobe ka dawo ka faɗa mana fim ɗin wane ne.

Ɗan Fagge: Zan kalla. Kai kuma kafin goben ka binciko mana wanda ya biya kuɗin situdiyon da aka naɗi kiɗan.