Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama

Ɗan Sabon Tasha:
Salama gare ku 'yan'uwa. Maganar nan ce ta hana mu cin tuwo lafiya ran Lahadi. Mai wa'azi a majami'armu ya karanta Ayyukan Manzanni sura 16, inda mai tsaron kurkukun Filibi ya faɗi gaban Bulus da Sila yana tambayar abin da zai yi ya sami ceto. Sai ya kawo karin maganar nan, ya ce mai zunubi shi ne wanda ruwa ya ci, gicciye kuwa shi ne takobin. Ni dai maganar ta ratsa ni, har na ji ƙwalla. Muna isa gida yayana ya ce wannan saɓo ne. Wai takobin nan mugun abu ne da mutum ke kamawa don dole, ta yaya za a haɗa shi da Mai Ceto? Muka yi ta ja har Mama ta kwashe kwanuka. Yau kwana uku da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ku raba mu.

Maman Biyu:
Ƙanena, yayanka ya fi ka gaskiya. Mu a gidanmu ana faɗin ta ne in mutum ya je cin bashi da ruwa, ko ya sayar da gonar gado don kuɗin asibiti. Jaje ce, ba yabo ba. Kuma ka sake duba surar, akwai takobi a ciki: wanda mai tsaron ya zare zai kashe kansa da ya ga ƙofofi a buɗe. Bulus bai ce ya kama ba, ihu ya yi masa kada ya cuci kansa.

Tsohon Malami:
Maman Biyu, sannu da karatu, amma kada ki rufe ƙofa da wuri. Ibraniyawa 4:12 ta ce maganar Allah ta fi takobi mai kaifi biyu ci. Tuba yana yanka. Zakka da ya karɓi Yesu a gidansa, rabin dukiyarsa ya ba matalauta, wanda ya cuta kuma ya ce zai mayar masa ninki huɗu. Kina zaton hannunsa bai yi jini ba?

Mai Keke Narayi:
Ni takobin da na sani shi ne na duk bayan shekara huɗu. Taliya biyu da sabulu da turmin atamfa. Mun kama, ga hannu har yanzu bai warke ba, kwalbatin layinmu kuma yana nan a baki.

Ɗan Kakuri:
Ai 'yan siyasar ne ma suke tura ka ruwan, sannan su zo da masu hoto su miƙa takobin. Amma mu koma kan magana. Ni ba takobin ne ya dame ni ba, kalmar "kama" ce. In ni na kama, ashe ƙarfin hannuna ne ya fid da ni? Afisawa 2:8-9 ta ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya.

Katikis:
Ka ƙarasa zuwa aya ta 10 mana, ɗan'uwa, inda ta ce an halicce mu domin kyawawan ayyuka. Yakubu kuma ya ce bangaskiya ba ayyuka matacciya ce. Hausawa ma sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ɗan Kakuri:
Wannan ta ƙarshen a wace sura take, Malam Katikis?

Tsohon Malami:
Ku yi haƙuri da juna. Gardamar nan ta girme mu duka, tun 1517 da Martin Luther ya ta da ita ake yi. Sai a 1999 Katolika da Lutheran suka sa hannu a takarda ɗaya a birnin Augsburg na Jamus, cewa da alheri ne kaɗai ake karɓar mutum, Ruhu Mai Tsarki kuma shi ke kiransa ga kyawawan ayyuka. Abin da ya ci su shekara 482, ba mu za mu gama shi kafin a ɗauke wuta ba.

Jikar Kaka:
Baba Malam, a ba ni wuri in faɗi wani abu. Kakata ta wajen uwa tana da tabo a tafin hannun dama, daga gindin babban yatsa har ƙaramin. Muna yara mukan buɗe hannun muna bi da yatsa.

Tana budurwa ne a ƙauyensu can wajen Kachia. Wata ranar kasuwa da damina ta ɗauko citta a ka, an yi ruwa da dare a kan tudu, rafin da take tsallakawa kullum ya kawo. Matan da suke tare suka ce a jira. Ita ta ce kasuwa za ta watse, ta tattare zane ta shiga. Taku huɗu ruwa ya kwashe ƙafafunta. Ta ce abin da ya fi ba ta mamaki daga baya shi ne, ruwa na jan ta amma hannu ɗaya yana riƙe da kwandon cittar nan, ta ƙi saki.

Akwai wani Bafillatani a bakin rafin yana sara wa shanu ganye. Ba sanda a hannunsa sai adda, ya miƙa mata, ta cafke kaifin. Ta kama, 'yan'uwa, kamar yadda karin magana ya ce. Amma addar ta yanke ta, hannu ya sulɓe, ruwa ya ci gaba da ita. Sai mutumin ya jefar da addar, ya faɗa ruwan da rigarsa, ya damƙo ta ta kitso ya ja ta gaɓa. Shi ma ya sha ruwa har ya yi amai.

In ana taron Zumuntar Mata aka zo kan maganar ceto, sai ta ɗaga hannun nan ta ce, ga abin da kamuna ya samo mini. Wanda ya cece ni kuwa shigowa ya yi. Ba ta iya karatu ba, amma ta san labarin Bitrus da ya fara nitsewa ya yi kuka, Yesu ya miƙa hannu ya kama shi. Kullum sai ta tambaye mu, wa ya kama wa?

Duk kaka kuma takan ɗauki dawa ƙwarya guda ta kai rugarsu, matarsa ta kawo mata nono da man shanu. Har ya tsufa ya rasu ba ta fasa ba. Wani kawunmu ya taɓa ce mata ai kin biya tuntuni. Ranar na fara ganin ta yi fushi. Ta ce da me ake biyan rai? Na rasa ta ina aji biyu a sakandare, kuma har yau in na wuce gadar Kogin Kaduna da damina sai na tuna hannun nan.

Maman Biyu:
Allah sarki Kaka. Kin sa ni kuka a shago.

Ɗan Kakuri:
Shi ke nan, Kaka ta yanke hukunci. Kamunta bai yi ba.

Katikis:
A'a, ka ji rabi ne. Dawar nan ta kowace shekara fa? Kuma da ba ta miƙa hannu ba, ka tabbata zai san tana so a fid da ita?

Ɗan Kakuri:
Dawa bayan ta fito ne, ba kafin ba.

'Yar Barnawa:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne mutumin bai tambaye ta addininta ba kafin ya faɗa. Tun rikicin 2000 da kogin nan ya raba garin Kaduna biyu, mu a kudu su a arewa, yaranmu nawa ne za su ji wannan labarin su yarda?

Mai Keke Narayi:
Ni ina tsallaka gadar sau goma a rana, kuɗin kowa ɗaya ne. Masu raba mu kuwa tare suke cin kaza a Abuja. Bari ruwa ya sake shiga gidajen Kigo Road ku ga wanda zai cire babbar riga ya faɗa. Katifa goma za a kawo, a ɗauki hoto ɗari.

Tsohon Malami:
Wani abu kuma. Mahaifina ba "ruwa ya ci" yake cewa ba, "wanda ya faɗa rijiya" yake cewa. A rijiya kuwa ba ka iyo, ba gaɓa, sai dai a jawo ka daga sama. Ina ga wannan ya canja lissafi.

Maman Biyu:
Baba, mu ruwa muka sani. Rijiya ta 'yan Zariya ce.

Ɗan Sabon Tasha:
Na karanta wa yayana labarin Kaka da daddare. Ya yi shiru, sannan ya ce to ai shi ma abin da yake faɗa ke nan, an jefar da addar. Na ce amma tabon ya zauna har ta mutu, kuma shi take nunawa. Mama ta ce in mun sake ta da zancen a kan tuwonta, kowa ya nemi inda zai ci. Jikar Kaka, cittar fa, ta sake ta a ƙarshe ko da ita aka jawo ta?