Bod ya ƙi tashi bayan sabunta BIOS: mutuwa ya yi ko suma?

Mai Shagon Buga Takardu: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka. Jiya da daddare na sabunta BIOS ɗin desktof ɗin shagona, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, don an ce sai da TPM, wani ɓangaren tsaro da ake kunnawa ta BIOS, Windows 11 ke hawa. Aka gama lafiya, ta kashe kanta ta kunna, tun daga nan sikirin baƙi ƙirin. Fanka na juyawa, amma ko tambarin kamfani ba ya fitowa. Na kai wa wani mai gyara da safe, bai yi minti biyu yana dubawa ba ya ce bod, wato babban allon da komai ke haɗe a jikinsa, ya tafi, sai sabo. Ga furojet ɗin ɗalibai fal a ciki.

Oga na Beirut Road: Wa alaikumus salam. Ƙanena, wa ya aike ka? Garin neman gira ka rasa ido. Na sha faɗa, zan kuma maimaita: kwamfutar da ke aiki lafiya ba a taɓa BIOS ɗinta. Sabunta BIOS caca ce, a ƙasar nan kuwa cacar da aka riga aka ci ka, tunda wuta na iya tafiya ana tsakar rubutu. A shagona akwai kwali guda na bod ɗin da masu su suka kashe da hannunsu.

Injiniya Ƙarami: Oga, girmanka ne, amma wannan karon ban bi ka ba. Rabin abin da ke cikin kwalin nan naka na tabbata suma suka yi. BIOS fa rubutu ne kawai a cikin wani ɗan IC mai ƙafa takwas, irin su W25Q64 ko W25Q128 na Winbond. Ko wuta ta ɗauke ana rubutu, abin da ya lalace shi ne rubutun, ba tagulla da layukan bod ba. A sake rubutawa ya tashi. Kuma shi wannan bawan Allah ya ce an gama lafiya.

Oga na Beirut Road: An gama lafiya ga gawa a kwance?

Injiniya Ƙarami: Ba gawa ba ce tukuna. Malam mai shago, kafin komai: minti nawa ka ba ta bayan ta kunna kanta?

Mai Shagon Buga Takardu: Gaskiya bai fi minti ɗaya ba na danne maɓallin na kashe. Na sake kunnawa, na bar ta kusan rabin awa, shiru.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: To ka tsallake rijiya da baya. Wannan dannewar ita ce ke kashe da yawa, ba sabuntawar ba. Wasu bod ɗin sai sun kashe kansu sun kunna sau biyu ko uku, suna ƙarasa rubutu sikirin na baƙi. Masu RAM irin DDR5 kuma, musamman bod ɗin AMD na AM5, suna zama su gwada RAM daga farko, abin ya ɗauki mintuna. Mutum ya ga duhu ya ɗauka ta maƙale, ya zare waya. Oga, wannan laifin gaggawa ne.

Oga na Beirut Road: Malama, ai kin ƙara min hujja. Abin da danna maɓalli ɗaya zai iya hallakawa, ina dalilin ba talaka shawarar ya shiga? Ku masu karatu kuna magana kamar kowa na da UPS da inbata. Mutumin da ke kan ƙaramin janareta, mai ya ƙare ba sallama, shi za a ce ya sabunta?

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: Ban ce kowa ya yi a kan janareta ba. Amma "kar a taɓa har abada" ɗin naka ne ba zai yiwu ba. A 2024 firosesan Intel na ƙarni na 13 da na 14 suna ta lalacewa saboda yawan wutar da suke nema. Maganin da Intel ta fitar, gyaran manhaja mai lamba 0x129 a watan Agusta da 0x12B a Satumba, ta cikin sabon BIOS yake zuwa. Wanda ya bi shawararka ya zauna, firosesansa na cinye kansa a hankali, kuma wanda ya riga ya lalace ba ya dawowa. A 2023 ma wasu firosesan AMD, Ryzen 7000X3D, sun ƙone a cikin mazauninsu a bod, sai da aka taƙaita wutar SoC, wani sashe na firosesan, zuwa bolt 1.3, nan ma ta BIOS. Wa ya fi tsada, firosesa ko IC mai ƙafa takwas?

Oga na Beirut Road: Mutum nawa a Kano ke da waɗannan? Abin da ke zuwa teburina tokumbo ne, ƙarni na 6, na 7, na 8.

Ɗan Maraɗi: Oga yana da gaskiya ta wani gefen. Ba kowane sabon BIOS ne alheri ga tsohon kaya ba. Lokacin da Ryzen 3000 ya fito a 2019, IC na megabait 16 ya yi wa wasu bod ɗin AMD na AM4 kaɗan, sai aka cire tsofaffin firosesa na A-series daga ciki don a samu wuri. Ka sabunta da tsohon firosesa a kai, bod lafiyarsa ƙalau amma bai san wanda ke zaune a kansa ba. Shi ya sa MSI mai ƙera bod ta fito da masu MAX a sunansu, da IC na megabait 32. Mutane ba sa karanta bayanin da ke ƙarƙashin fayil ɗin, saukewa kawai suke yi. Wani ma na bod mai suna iri ɗaya amma rebishon, wato zubi, daban yake ɗaukowa.

Injiniya Ƙarami: Mu koma kan mara lafiya. Malam, karɓo kayanka. Zare waya, cire batirin CR2032 ɗin nan mai kamar kwabo, ko ka haɗa fil biyun da aka rubuta CLR_CMOS da bakin sukudireba na ɗan lokaci, don saitin BIOS ya koma na asali. Bar RAM ɗaya tak. In bod ɗin na da ƙananan fitilu huɗu, CPU, DRAM, VGA, BOOT, faɗa mana wacce ta tsaya a kunne. In duk bai yi ba, duba baya ko akwai maɓallin sake rubuta BIOS daga filash. Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus, sai ka sa fayil ɗin BIOS a filash ka sa masa suna gigabyte.bin, na MSI kuma MSI.ROM. Filash ɗin a yi mata fomat na FAT32. Ba ya buƙatar sikirin, ko firosesa ma ba ya buƙata. Masu laftof kuma, don farfaɗo da BIOS: HP ana danne Windows da B a kunna, Dell Ctrl da Esc.

Oga na Beirut Road: In ba maɓallin fa? Sai CH341A, 'yar na'urar nan da ake maƙala wa IC a sake masa rubutu, ko? To bari in faɗa muku abin da yaran yanzu ke yi da ita. Baƙar nan mai arha, da yawanta bolt 5 suke turawa a layukan data maimakon 3.3. IC ɗin wasu bod ɗin kuma 1.8 ne, sai da adafta. Yaro ya maƙala kilif ya soya IC ɗin gaba ɗaya. Na biyu, ba sa kwafe tsohon rubutun kafin su goge. Su ɗauko na wani a intanet su zuba, lambar siriyal ta tafi, adireshin MAC na haɗa intanet ya tafi, makullin Windows da ke ciki ya tafi. Nan kam ko ku ba za ku musa min ba.

Injiniya Ƙarami: Ban musa ba, Oga. Ni sau biyu nake karantawa in gwada kwafin biyu sun zo ɗaya kafin in goge komai. Amma ka lura, da bakinka ka ce ana tayar da su.

Oga na Beirut Road: Ana tayarwa, a hannun wanda ya iya, da kuɗi. Wanda bai taɓa ba bai biya kowa sisi ba.

Malama Mai Koyar da Kwamfuta: Yanzu fa ko ba ka taɓa ba ana taɓa maka. Laftof da yawa Windows Update ne ke turo musu BIOS da kansa. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su adana makullin BitLocker, abin da Windows ke kulle diski da shi, lambobi 48 ɗin nan, don bayan sabuntawa TPM kan iya ƙin buɗe diski. Na ga wadda laftof ɗinta ya tashi sarai, amma fayilolinta na kulle ba makulli.

Mai Shagon Buga Takardu: Alhamdu lillahi, jama'a! Na karɓo, na cire batir, fitilar VGA ce ta tsaya. Akwai wani tsohon katin girafik da na sa tun tuni. Na cire shi na mayar da waya jikin bod, sai ga hoto. Amma ta ce ba ta ga diskin da za ta tashi da shi ba.

Injiniya Ƙarami: Shi ke nan, ciwo ɗaya ne. Sabuntawar ta mayar da saiti na asali, CSM, wato saitin da ke karɓar tsofaffin kaya, ya koma a kashe. Tsohon katinka bai san UEFI, sabon tsarin tashi, ba, diskinka kuma MBR ne, wato tsohon tsari. Shiga saiti ka kunna CSM. Ka duba SATA ma, wato saitin haɗin diski, in da AHCI take kar ka bar ta a RAID, in ba haka ba shuɗin sikirin zai tare ka.

Mai Shagon Buga Takardu: Ta tashi! Komai na nan. Allah Ya saka da alheri. Oga, bod ɗin da aka yi wa jana'iza ga shi yana buga takarda.

Oga na Beirut Road: Barka. Amma wa ya kashe CSM ɗin, aljani? Sabuntawar dai. Kwana guda ba ciniki. Kuma Injiniya, gaya masa sauran labarin: Windows 11 ɗin da ya shiga wannan wahala dominta ba ta hawa sai a UEFI. Sai ya juya diskin zuwa sabon tsari na GPT da manhajar mbr2gpt, ya sake kashe CSM ɗin da ya kunna yanzu, tsohon katin kuma ya shiga kwalina.

Mai Shagon Buga Takardu: To nawa za ka saye shi, Oga?