Me mutanen Birtaniya suka gani a ƙasarsu da suke sonta haka?

Lawali, Sabon Gari:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san Birtaniya. Ƙasa ce ƙarama, Nijar ta ninka ta sau biyar a faɗi. Rana ba ta cika fitowa, su kansu bakinsu ba ya hutawa da kukan yanayi, amma da an taɓo zancen karkararsu sai ka ga jikinsu ya yi sanyi. Mene ne takamaimai suke so a cikinta? Don Allah kar a ce mini kowa na son ƙasarsa, wannan na sani.

Malam Sanusi, Bagalam:

Wa alaikumus salam, Lawali. Fara da hanyar ƙafa, don a nan sirrin yake. A Ingila da Wels, biyu daga cikin yankunan Birtaniya, akwai hanyoyin ƙafa na jama'a da tsawonsu ya kai kamar kilomita 225,000, kuma yawancinsu ta tsakiyar gonakin mutane suka ratsa. Gonar ta mai ita ce, amma ba shi da ikon hana ka wucewa. Ka ɗauke su kamar burtalinmu, sai dai nasu na mutane ne ba na shanu ba, kuma ana rubuta su a taswirar da ƙaramar hukuma ke ajiyewa, wadda kotu ke aiki da ita.

Dokar ta shiga har cikin ƙananan abubuwa. Manomi na iya nome hanyar da ta ratsa tsakiyar gonarsa, amma cikin kwana 14 sai ya mayar da ita yadda za a gane ta, faɗin mita 1 idan ta masu ƙafa ce, mita 2 idan ta masu doki da keke ce. Kibiya ruwan ɗorawa a jikin turke na nufin ƙafa kaɗai, shuɗiya kuma har da doki. Inda hanya ta ci karo da shinge, ana sa matakalar katako ta tsallakawa, ko wata ƴar ƙofa da mutum ɗaya ke iya kutsawa amma tunkiya ba ta iyawa. In jama'a sun shekara 20 suna bin wata hanya a fili, ba da izini ba kuma ba wanda ya hana su, ana iya neman a shigar da ita taswira. Shi ya sa wasu masu filaye ke kafa allo ko su rufe ƙofa lokaci-lokaci, don katse lissafin.

Ba kyauta aka ba su ba. A watan Afrilu 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga Manchesta, suka hau tudun Kinder Scout da gangan, wurin da masu kuɗi suka keɓe don farautar tsuntsaye. An yi arangama da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Ɗaurin ya tayar da hankalin jama'a, a 1949 majalisa ta yi dokar gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951 aka buɗe na farko a Peak District, wato yankin da aka yi rikicin. Yau suna da 15. Leburan masaƙa da ya wuni cikin hayaƙi, ran Lahadi ya shiga jirgin ƙasa ya je ya taka tudu ba mai ce masa uffan, dole jikokinsa su ji kamar ƙasar tasu ce, ko da taki ɗaya ba su mallaka ba.

Hajiya Habsu, Ali Dan Sofo:

Malam Sanusi ya faɗi yadda ake shiga, bari in faɗi abin da ake gani in an shiga. Koren nan da ke ruɗar mutane a hoto ba yawan ruwa ne kaɗai ya kawo shi ba. Landan na samun kamar milimita 600 a shekara, bai fi na Maradi da wani abin kirki ba in damina ta yi kyau. Bambancin shi ne namu cikin wata uku zuwa huɗu yake zuba rana ta shanye, nasu yayyafi ne a rarrabe cikin wata goma sha biyu, ga sanyi da ke hana ƙasa bushewa. Yammacin ƙasar ne ke shan ruwa na gaske, akwai kwaruruka a yankin tafkuna na arewa maso yammacin Ingila da ke haura milimita 3,000. Ruwan teku mai ɗumi da ke gangarowa daga wajen Amurka shi ke sassauta musu hunturu, shi ya sa ciyawa ba ta mutuwa.

Sauran duk aikin hannu ne, kuma wannan ne mutane ba su cika sani ba. Daji bai wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na ƙasar ba. Gonakin nan masu kusurwa huɗu an yanka da yawansu ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da majalisa ta yi ta ba da izinin killace filayen da a da na gari ne, aka kewaye su da shinge mai rai na wata ƙaya mai farin fure. Shingen ba a barinsa haka. Da hunturu ake sare kowane icce daga gindi, amma ba a raba shi da saiwa, sai a bar ɓawo da ɗan nama ta gefe guda don ruwa ya ci gaba da hawa. A kwantar da shi a karkace kan na kusa da shi, a kafa turaku kamar rabin mita tsakani, a saƙa tsumagu a sama su riƙe. Da bazara sai sabbin rassa su tsiro daga inda aka sara, shinge ya cika tun daga ƙasa. In manomi ya yi ganda ya riƙa aske sama da inji kowace shekara a wuri guda, kai ya yi tuntu, gindi ya zama ƙwarangwal, tumaki su riƙa fita ta ƙasa. A Ingila an hana manoma askin daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Agusta saboda tsuntsaye na ƙyanƙyasa a ciki.

A tuddai, inda icce ba ya yi, katangar dutse suke yi ba siminti ba laka. Fuska biyu ake ɗorawa, gindi ya kusa ninka sama a faɗi, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyu na ƙarƙashinsa, a cusa tsakuwa a tsakiya da hannu, a tsakiyar tsayi a gitta dogayen duwatsu da ke ɗaure fuskokin biyu, a kife da jeri na tsaye a sama. Wanda ya zuba ƙasa a ciki maimakon tsakuwa, ruwa zai wanke ta, ƙanƙara ta buɗa, katanga ta yi ciki ta zube. Wadda aka gina daidai tana haura shekara 100.

Sai tumakin tudu, irin Herdwick. Ba shinge a can sama, amma kowane garke ya san iyakar wurin kiwonsa, uwa ke koya wa ɗa. Don haka in an sayar da gona, da garken ake sayarwa. A 2001 da cutar baki da kofato ta ɓarke aka kashe dabbobi sama da miliyan 6, aka rufe hanyoyin ƙafa, masu masauki da masu abinci a ƙauyuka suka durƙushe tare da makiyaya. Garken da aka kashe kuwa kuɗi ba ya mayar da shi, don sabbin tumaki ba su san dutsen ba, sai an yi shekaru ana binsu ana korowa.

Alhaji Mamman, Mokoyo:

Bayani ya yi, amma kada a zuba zuma da yawa. Dokar 2000 da ta ba da damar yawo ba bisa hanya ba ta shafi kamar kashi 8 cikin 100 ne kacal na Ingila, tuddai da fako. Sikotland ce ta buɗe kusan ko'ina da dokarta ta 2003. Kuma tuddan Sikotland ɗin nan da ake yaba shirunsu, a da akwai ƙauyuka, masu ƙasa suka kori talakawa a ƙarni na 18 da na 19 don su zuba tumaki. Lawali, ka kuma kiyaye, kar ka kira mutumin Sikotland ko Wels ɗan Ingila, ba zai ji daɗi ba. A ƙuri'ar 2014 kashi 45 cikin 100 na ƴan Sikotland ficewa daga Birtaniya suka zaɓa.

Batun hali, ni ba na saye da zancen da ake yi cewa su mutanen bin layi da shan shayi ne, ko'ina akwai mai haƙuri da marar haƙuri. Abin da ya fi kama hankali shi ne yadda suke haɗa ƙungiya a kan komi, su biya kuɗin shekara. National Trust, ƙungiyar kula da filaye da gine-ginen tarihi da mutum uku suka kafa a 1895, ba ta gwamnati ba ce, mambobinta sun haura miliyan 5, tana riƙe da gaɓar teku sama da kilomita 1,200, kuma doka ta ba ta ikon ayyana fili a matsayin wanda ba ya sayuwa har abada. Jiragen ceto a teku tun 1824 da gudummawa suke tafiya, yawancin matuƙan ƴan sa kai ne. Masu ceto a duwatsu ma haka. Ƙarshen Janairu dubban ɗaruruwa ke zama awa guda suna ƙirga tsuntsayen bayan gidansu su aika da lissafi. In kuma ka tambaye su abin alfaharinsu, da yawa tsarin asibitocin gwamnati za su fara ambata, wanda aka kafa a watan Yuli 1948, duk da cewa su ne kan gaba wajen zagin jinkirinsa. Kukan nan da ka ji suna yi, haka suke nuna ƙauna. Amma kai baƙo kar ka taya su.

Lawali:

Na gode ƙwarai iyayena. Saura ɗaya, Malam Sanusi. In hanya ta bi ta cikin shanu, wa ke da alhaki? Kuma wa ke biyan gyara?

Malam Sanusi:

An raba. Ƙaramar hukuma ke kula da doron hanya, da yawancin gadoji, da allon da ke nuna inda ta rabu da kwalta. Ƙofa da matakala na mai gona ne, amma yana iya karɓo aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin daga hukuma. In ya toshe hanya, hukuma ta ba shi wa'adi, in ya ƙi ta buɗe ta aika masa da takardar kuɗi.

Shanu kuwa, an hana sakin bijimin da ya wuce wata 10 daga jinsin shanun madara a filin da hanya ta ratsa, don sun fi faɗa. Na jinsin nama ana bari, muddin yana tare da shanu mata. Sai dai yawancin haɗarin daga saniya mai sabon maraƙi yake zuwa, musamman in mutum na janye da kare. Shawarar da ake bayarwa ita ce a ɗaure kare kusa da dabbobi, amma in shanu suka taso a sake shi nan take, shi zai tsere, mai riƙe da igiya ne ake tattakewa.