Ciyar da ɗaliban firamare: ya dace a ci gaba?

Uwar Ɗalibai:
Assalamu alaikum. Gwamnatin tarayya ta fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun firamare na gwamnati a shekarar 2016, sannan aka dakatar da shirin a watan Janairun 2024. Shin ya dace a ci gaba da kashe kuɗin jama'a a kansa, ko a karkatar da su wajen gyaran azuzuwa?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaron da ya fito bai karya kumallo ba, ba ya fahimtar karatu komai kyawun aji, kuma na ga yadda abincin makaranta ya dawo da 'yan mata daga talla. Babbar matsalar ita ce naira 70 da aka fara ware wa kowane yaro a rana, wadda tun kafin janye tallafin man fetur a 2023 ba ta isa a dafa abinci mai gina jiki.

Manomin Wake:
Gaskiya ne, Malam. An tsara shirin ne domin a sayi wake, ƙwai da shinkafa daga manoman yankin, don haka dakatarwar ta shafe mu tare da matan da ke girki. A dawo da shi, amma a riƙa biyan masu girki a kan lokaci.