Ruwa ya yi kore shar: shin gansakuka na sa wa kumba da kifi guba?

Maman Sadiya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Na ji ana cewa zafin da ke ƙaruwa na haifar da wata gansakuka mai guba a teku, wadda ke shiga jikin kumba da sauran halittun ruwa masu ɓawo. To jatan landen da ake kawo mana kasuwar Katsina daga kudu fa? Kuma kududdufin kifi da ya yi kore a bazarar nan, matsalar ɗaya ce?

Malam Lawal, Daura:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da teku. Kumba da danginta tace ruwa suke yi su ci abin da ke ciki, don haka idan ƙwayoyin gansakuka masu guba suka yi yawa, sai gubar ta taru a kayan cikinsu. Sau da yawa ita kumbar tana nan garau, ba wari, ba canjin ɗanɗano. A 1987, a garin Champerico na Gwatamala, mutum 187 suka kwanta bayan cin irin wannan abinci, 26 suka rasu. Gubar sunanta saksitoksin. Tana farawa da jin leɓe da harshe sun mutu cikin kamar rabin awa, sai hannu da ƙafa, daga nan numfashi ya gagara. Babu maganin da ke karya ta, sai dai na'urar taimakon numfashi a asibiti har jiki ya fitar da ita. Dafuwa, soya, ƙyafe ko gishiri, babu wanda ke kashe ta. Shi ya sa ƙasashen da ke auna kayan teku suke rufe wurin kamun kumba da zarar gubar ta wuce maikurogiram 800 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kilo ɗaya na nama.

Jatan lande ba ya tace ruwa kamar kumba, haɗarinsa kaɗan ne. A busasshensa, abin dubawa shi ne fumfuna da maganin ƙwari da wasu ke zuba masa a buhu.

Injiniya Rabi'u, Jibiya:
In ƙara a kan na Malam. Ɗumamar ruwa tana tsawaita lokacin da gansakukar ke bunƙasa, iskar kabon da teku ke shanyewa kuma tana ƙara masa tsami, sai ɓawon 'ya'yan kumba ya kasa ƙwari. Amma, Hajiya, wadda ta fi kusa da mu ita ce ta ruwan daɗi, Microcystis, mai gubar da ke cin hanta. Tana son abu uku: ruwa mai ɗumi sama da digiri 25, wanda ba ya motsi, mai taki a ciki. Daga Maris zuwa Mayu duk ukun na iya haɗuwa a kududdufi ko a gefen dam irin Zobe, Ajiwa da Sabke: ruwa ya ja baya, rana ta dake shi, ga ragowar takin NPK da kashin shanu da damina ta kwaso.

Ba kowane kore ne guba ba. A tsoma sanda: in ta fito da zare-zare na reto, galibi ba ta da illa. In ta fito kamar an shafa mata koren fenti, a yi hattara. Ko a cika kwalba a ajiye ta kwana ba a taɓa ba. Mai haɗarin tasowa take yi sama ta yi zobe, ɗayar ƙasa take kwanciya. Wannan alama ce kawai, tabbaci sai ɗakin gwaji.

Baba Mai Tarwaɗa, Dutsin-Ma:
'Yata, ga na aiki. Tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafin ya ɓace tun kafin ruwa ya kai nan, kore ya yi yawa. A tsayar da abinci kwana ɗaya ko biyu, a daina zuba taki ko kashin kaji, a kwashe kumfar da iska ta tara a gefe, a sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowace rana. A leƙa da asuba, domin da dare gansakuka shanye iskar ruwa take yi. Ƙarfasa ce ke fara hamma a sama, tarwaɗa ta fi juriya tunda tana shaƙar iskar waje.

Don Allah kada a watsa sinadarin kashe gansakuka a ruwan da ya riga ya yi kauri. Ƙwayoyin fashewa suke yi gaba ɗaya, gubar ta bazu, ruɓewarsu kuma ta cinye sauran iskar, a wayi gari kifi ya taso.

Maman Sadiya:
Na gode, Allah ya saka. Kifin irin wannan ruwan ana ci? Dabbobi fa?

Malam Lawal:
Wanda aka tarar a mace, a binne shi. Mai rai kuma a cire hanta da hanji duka, a wanke da ruwan rijiya ko famfo, don a kayan ciki gubar ta fi taruwa. Tumaki da shanu kada su sha daga gefen da kumfar ta taru, tana iya kashe su cikin 'yan awoyi. Tafasa ruwan ba ya gyara shi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1 na wannan gubar a lita ga ruwan sha, kuma wuta ba ta rage komai daga ciki.