Inna ta gaji da allurar ƙashi, mu bari?

Maman Nafisa: Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Innarmu ta zame a bakin rijiya shekara 3 da suka wuce, ƙugunta ya karye. A Yamai likita ya ce ƙashinta ya yi rauni, ya sa ta kan allurar Prolia, duk wata 6. An yi mata sau 5. Ta shida ta wuce lokaci da sati 3, ga tsada, ga nisan hanya daga Maraɗi, ita kuma ta ce garau take jin kanta. Maƙwabciyarmu a unguwar Zariya ta bar nata maganin tun bara, ba abin da ya same ta. Mu ma mu haƙura?

Hajiya Ta Bagalam: Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Ni dai na ce tsohuwa in ta ce ta gaji, a ƙyale ta. A yawaita mata nono da fura.

Majo mai ritaya: Hajiya, a gafarce ni, nono na da amfani amma ba ya maye gurbin wannan allura. Ƴata, tambayi maƙwabciyar me take sha. Ina kyautata zaton alendronate ne, ƙwayar nan ta sau ɗaya a sati da ake sha da sassafe kafin karin kumallo, ba a kwanciya sai bayan minti 30. Ita tana zama cikin ƙashi shekaru, shi ya sa bayan kamar shekara 5 likita kan iya ba wasu hutu. Prolia ba ta zama. Da ƙarfinta ya ƙare, ƙashi ya fara zubewa da sauri, abin da aka tara ya tafi cikin shekara guda ko biyu, kuma ƙasusuwan gadon baya na iya karyewa da yawa a tare, ba tare da faɗuwa ba. Ɗaga bokitin alwala ma ya isa. Kada jinkirin ya haura wata guda. In kuɗi ne matsalar, ku faɗa wa likitan ƙarara, zai iya mayar da ita kan ƙwayar ko ƙarin ruwan zoledronate, sun fi sauƙin kuɗi.

Abban Sadiƙu: Gwaggona haka ta yi, ta bar allurar. Bayan wasu watanni ruku'u ya gagare ta, yanzu a kujera take salla.

Maman Nafisa: Innalillahi. Majo, tun shekaranjiya take cewa bayanta na sara in ta tashi daga tabarma.

Majo mai ritaya: To kar ki jira Yamai. Gobe da safe ki kai ta asibiti nan Maraɗi a ɗauki hoton bayan, ki riƙe takardar da aka rubuta ranar allurar ƙarshe.